Jinjina ga Makarantar Mama Nike

A 1983 Nike Davies-Okundaye ta buɗe cibiyar koyar da sana'ar hannu a Osogbo, kuma ba ta karɓar ko sisi daga masu koyo. Rini da baba, saƙa, zane, duk akwai. Matasa na zuwa, iyaye mata na zuwa, har da waɗanda rayuwa ta juya wa baya.

Abin da ya fi burge ni shi ne shi kansa zaman koyon. Wadda ke zana ƙullun rogo a kan farin yadi da gashin kaza dole hankalinta ya tattaru wuri guda. Damuwa ta ja baya, ga abokan hira a gefe, ga abin sayarwa in an gama.

Masu marinar Ƙofar Mata, yaranmu da iyayensu na buƙatar irin wannan aji a Kano.