Biftek a Maraɗi, Tsire a Shinkafi

Ɗan kasuwar da ya tashi daga Zurmi ya tsallaka iyaka zuwa Maraɗi, in ya shiga gidan abinci irin na 'yan boko, zai iya cin karo da wani suna: biftek. Faffaɗar tsokar sa ce mai kaurin tafin hannu, a ɗan soya ta ko a gasa sama-sama, a kawo da soyayyen dankalin Turawa. Faransawa ne suka shigo da sunan cikin Nijar, ta hanyar da kalmomin lakwal (makaranta) da mushe (malami) suka biyo.

Su ma Faransawan aro suka yi. Daga bakin Ingilishi suka ɗauko kalmar wajen ƙarni na 18, suka lanƙwasa ta daidai harshensu. Abin dariya, rabinta na farko, bif, wato naman sa, asali nasu ne. Ya haye Ingila bayan Normandawa sun ci ƙasar a 1066, ya daɗe can, sannan ya dawo gida ana yi masa kallon baƙo. Rabi na biyu, stek, daga tsohon harshen mutanen arewacin Turai ya fito, inda ake danganta shi da naman da aka soke a sanda aka gasa. Ashe dai kakan biftek tsire ne.

A Faransa kalmar ta wuce mahauta. In sun ce mutum yana neman biftek ɗinsa, abin sakawa a bakin salati suke nufi. Har yankan naman doki sukan kira biftek, duk da san da ke cikin sunan. Marubucinsu Roland Barthes ya keɓe masa babi a wani littafinsa na 1957, ya ɗauke shi alamar zama Bafaranshe.

To me ya hana biftek zama a ƙasarmu? Ba rashin baƙi ba ne. Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda tun 1929, kamfanonin Turawa masu sayen gyaɗa da auduga suka biyo shi. A ganina amsar tana jikin saniyar kanta. Rahaji ko gudalin da ake kaiwa kasuwar Shinkafi ta sha tafiya tsakanin mashaya da makiyaya, namanta ya yi tauri. A yanka ta da asuba, kafin la'asar an sayar, babu ɗakin sanyin da nama zai yi kwanaki har ya saki, yadda ake yi a Turai. Wanda ya yanko irin wannan tsoka da kauri ya ɗan nuna mata wuta, haƙoransa za su gaya masa. Ga kuma ja-ja-jan da Bafaranshe ke so a tsakiya. Masana sun ce ruwan tsoka ne, ba jini ba, amma je ka faɗa wa Bazamfare haka.

Rundawa sun san dabbarsu, shi ya sa gwanintarsu ta koma ga wuƙa da wuta. A yanka nama siriri, a birkiɗa shi cikin ƙuli-ƙuli da yaji, a jera a tukuba, wuta ta ci shi daga gefe a hankali. Gyaɗar nan da Turawa suka zo saye ita ce sirrin. Kilishi ya fi haka nisa: a shimfiɗa tsoka har haske ya ratsa ta, rana ta yi rabin aikin.

Bafaranshe yakan yi odar nama da sunan inda aka yanko shi, kamar antirkot, wato na tsakanin haƙarƙari. Mu a bakin tukuba da sunan aikin da aka yi masa muke kira: tsire, balangu, kilishi, dambu. Ba don Sarkin Fawa da yaransa ba su san sassan sa ba. Akwai ma wanda suka fi Faransawa sani, wato tozo, domin shanun Sharole da suke taƙama da su ba su da shi sam.