Mushe Bansan da masu ci ba godiya

Ya kai mai karatu, ko ka taɓa yi wa mutum alheri ya saka maka da harara? In ka taɓa, to gyara zama. Yau zancenmu a kan wani tsohon fim ne na ƙasar Faransa mai suna Monsieur Vincent. Na kalle shi a kwamfutar wani abokina cikin hutun damina, na kwana ina juya shi a raina. Mu da ƙauyawa ke kira mushe, sai mu ce masa Mushe Bansan, don sunan ya yi mana sauƙin faɗi.

An yi fim ɗin cikin shekara ta 1947. Maurice Cloche ne ya shirya shi, Jean Anouilh yana cikin waɗanda suka rubuta maganganunsa, Pierre Fresnay kuma shi ya fito a matsayin Bansan. Hotonsa baƙi da fari ne, tsawonsa ya kusa awa biyu. Mutumin da ake ba da labarinsa kuwa ya rayu da gaske. Vincent de Paul limamin majami'ar Katolika ne, ɗan manoma, an haife shi a 1581, ya rasu a 1660.

Labari ya soma a 1617, ranar da ya iso wani gari mai suna Shatiyon don ya kama aikin limanci. Ba wanda ya tarye shi. Ƙofofi a rufe, ana jifarsa da duwatsu, domin tsoron annoba ya kama mutane. Sun toshe gidan wata mata da suke zato ita ke ɗauke da cutar, suka bar ta ciki ita da ƴar ƙaramar ɗiyarta. Bansan ya buɗe gidan, ya tarar uwar ta cika, ya fito da yarinyar da rai. Tun daga nan mai kallo zai gane irin hanyar da mutumin zai bi.

Abin da ya fi burge ni shi ne fim ɗin bai yi wa matalauta kwalliya ba. Sau da yawa in ana ba da labarin mai taimako, sai a nuna mabukata suna durƙusawa suna sa albarka. A nan kuwa suna faɗa a kan wurin kwana, suna ƙorafi, suna zargin mai ba su. Akwai daren da Bansan ya kama ɗaki a unguwar talakawa ta birnin Faris, ya kwanta yana jin tari da kuka da rigima ta bayan bango. A wannan dare ne ya gane bai san talauci ba, ko da yake ya daɗe yana wa'azi a kansa. Masu hali su ma ba su tsira ba. Matan manya sun yarda su ba da kuɗi, amma da ya kawo musu jariri da aka tsinta a titi, sai suka kau da kai, wai ɗan zunubi ne. Ke nan mutumin yana tsakanin wuta biyu: na ƙasa ba su gode ba, na sama sun gaji da shi.

To me ya hana shi ajiye kayan ya koma gida? Amsar tana ƙarshen fim. Ya tsufa, ƙafafu sun gaza, ya kira wata yarinya sabuwar shiga aikin, ranar da za ta fara kai wa marasa lafiya abinci. Ya gargaɗe ta cewa waɗanda za ta yi wa hidima su ne iyayen gidanta, masu saurin fushi da wuyar gamsarwa, kuma ƙauna ce kaɗai za ta sa su yafe mata abincin da ta ba su. Masana tarihinsa sun ce wannan jawabi na marubucin fim ne, ba a same shi haka cikin takardun Bansan ba. Duk da haka, a ganina maganar ta tsaya da ƙafarta.

Dubi kalmar yafewa. Yaya za a ce wanda aka ba shi ne zai yafe? Ai duk wanda ya taɓa miƙa hannu ya san amsa. Karɓa tana da ciwo. Magidanci da ya zo neman tiya biyu ta hatsi wurin maƙwabcinsa, ya san gobe in sun haɗu a kasuwa idonsa zai yi nauyi. Abin da muke kira butulci, sau da yawa kunya ce ta juye ta zama fushi.

Ni ma na gani a ajinmu na yaƙi da jahilci. Wani dattijo ya yi rani biyu yana zuwa, har ya iya karanta lambar sikeli da saƙon salula. Daga baya sai ya riƙa wuce ni ba sallama, har na ji yana cewa ai da kawunansu ake biyana albashi. Na yi fushi ƙwarai. Sai da na kalli wannan fim na tuna cewa ni, sa'an ɗansa, na sha gyara masa harafi a gaban ƙannensa. Abin da na ɗauka kyauta ce, shi ya biya ta da girmansa.

Kiristoci suna da tushen wannan haƙuri a cikin Linjila. A littafin Luka, sura ta 17, an ba da labarin kutare goma da Yesu ya warkar, ɗaya kaɗai ya komo ya yi godiya, sauran taran kuwa ba a janye musu lafiyarsu ba. Musulmi ma sun san an hana ɓata sadaka da gori. Wanda ya yi don Allah, ba a bakin mutum yake jiran ladarsa ba. Kada kuma ka ɗauka wannan zance na can nesa ne. Asibitin Galmi na mishan, a jihar Tawa, tun 1950 yake karɓar marasa lafiya, akasarinsu Musulmi. A watan Janairu na 2015 aka ƙona majami'u da yawa a Damagaram da Yamai. Asibitin bai rufe ƙofarsa ba saboda haka.

Sai dai fim ɗin yana da inda ya gaza, kuma dole in faɗa. Ya ɗora kome a kan mutum ɗaya. Fresnay gwanin wasa ne, har an ba shi lambar yabo a bikin fina-finai na Venise a 1947, saboda haka idon mai kallo ba ya barin fuskarsa. An kuma nuna Bansan cikin jirgin ruwan sarki, ya karɓi filafili daga hannun wani fursuna da ya suma, ya zauna yana tuƙi a madadinsa. Gaskiya ne an naɗa shi limamin waɗannan fursunoni a 1619, amma masana tarihi suna ɗaukar zancen filafilin a matsayin almara. Irin wannan hoto yakan sa mai kallo ya ce, wannan sai waliyyi, ni ina zan iya?

Bansan na gaskiya mutum ne mai tsari. Tun a Shatiyon ya ga jama'a sun kai wa wani gida abinci mai yawa rana ɗaya, ya lura gobe ba za su sami kome ba. Sai ya haɗa matan garin ƙungiya, ya rubuta musu doka, kowace da ranarta. A 1625 ya kafa ƙungiyar limamai masu zuwa ƙauyuka. A 1633, shi da Louise de Marillac suka kafa ƙungiyar ƴan mata masu hidimar matalauta, wadda har yau tana aiki a ƙasashe da yawa. Zuciya takan gaji, amma in akwai doka da abokan aiki, ranar da ɗaya ya yi sanyi wani zai ɗauki tukunya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai kuma wadda fim ya wuce ta kanta da sauri, alhali mu ita ta fi shafa. Sunanta Marguerite Naseau, makiyayiyar shanu ce ta ƙauyen Suresnes. Ba ta shiga lakwal ba. Ta sayi ɗan littafin baƙaƙe, tana kiwo tana tambayar masu wucewa sunan harafi, har ta iya karatu. Daga nan ta shiga koya wa ƴan matan ƙauyuka, mutane suna yi mata dariya da ƙazafi, ba ta daina ba. Ta zo ta yi aiki tare da Bansan, ta rasu a 1633 bayan ta ɗauki annoba wurin wata mara lafiya da ta kwantar a gadonta. Bansan da kansa ya ɗauke ta a matsayin ta farko cikin ƴan matan ƙungiyar. Da fim ya tsaya a kanta, da ya nuna mana maganin ciwon karɓa: wanda aka ba, a buɗe masa hanya shi ma ya bayar.

Da wannan na koma wurin dattijon nan. Ban ce masa kome a kan abin da ya wuce ba. Na roƙe shi ya riƙa zama da sababbin shiga biyu yana nuna musu lambobi, don aji ya yi mini yawa. Ya ce zai duba. Ranar Talata ya zo da allonsa. Har yanzu bai ce mini na gode ba, ni ma na daina jira.

In ka sami fim ɗin, ka kalle shi, ko da faransancinka bai yi ƙarfi ba, fuskoki za su fassara maka. Ka kira abokan aikinka ku kalla tare, sa'an nan ku tambayi juna: cikin waɗanda muke koyarwa, wa muka taɓa ba dama ya koyar?