Tukubar Mai Tsire da Amanar Wuƙa

Bayan sallar la'asar a Bacirawa, cikin ƙaramar hukumar Ungogo, inda gona ke manne da gona, hayaƙi ne ke sanar da mutane cewa mai tsire ya hura wuta. Tukuba tudun ƙasa ce kawai, garwashi a tsakiya, tsinkaye a kafe kewaye da shi. Amma a nan manomi da tela da ɗan acaɓa ke cin nama kafaɗa da kafaɗa, kuma mai tukuba ya san kowa da abin da yake so: wannan sai da kitse, wancan sai kayan ciki, Alhaji kuwa haƙori ya yi rauni, a zaɓo masa mai taushi.

Duk wanda ya ƙare nazarinsa a kan ƙuli-ƙuli da yaji, ya bar jaki yana dukan taiki. Abin da ake saya a tukuba tun kafin daɗi shi ne yarda. Mai ci bai ga yankan ba. Bai san ko dabbar lafiyayya ce ba, ko an ambaci sunan Allah, ko jini ya kwarara yadda shari'a ta ce. Ya dai san mahaucin, ya san ubansa, ya san akwai Sarkin Fawa da za a kai wa ƙara. Shi ke nan shaidarsa.

Irin wannan yarda ce ta kafa shagunan nama na Yahudawa a birnin New York na Amurka. Tsakanin 1881 da 1924, Yahudawa kimanin miliyan biyu suka yi ƙaura daga Gabashin Turai zuwa Amurka, da dokokin cinsu: ba alade, ba jini, ba a haɗa nama da madara, yanka kuma sai wanda ya yi karatunsa. Baƙo mai irin wannan ƙa'ida ba ya cin nama ko'ina, sai wurin nasa. Shagon Katz's na New York, wanda ke danganta kafuwarsa da 1888, har yau yana sayar da fastirami, naman saniya da ake tsumawa a ruwan gishiri, a shafe shi da kayan yaji, a banda shi, sannan a turara. Ko mai kilishin Agadasawa, da ke shanya nama ya tsoma a labu ya sake shanyawa, zai gane wannan haƙuri. A Katz's ma mai yanka kan miƙo ɗanɗano kafin ciniki, kamar dai namu.

Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mutumin da muka damƙa wa halaccin abin da ke shiga cikinmu, shi ne muke ajiyewa a ƙasa idan ana lissafin asali. Har yanzu akwai gidajen da ɗan mahauta zai je neman aure a juya masa baya, alhali maigidan bai taɓa tambayarsa yadda ya yi yanka ba, don ya tabbata ba zai ci amanarsa ba. Wannan rashin adalci ne, kuma addini bai zo da shi ba.

Yanzu gonakin Bacirawa na komawa fulotai, baƙi na ƙaruwa, nama na zuwa daga kwatar da mai saye bai taɓa takawa ba. 'Ya'yan mahauta da dama sun ga yadda ake kallon iyayensu, sun ajiye wuƙa sun kama wata sana'a. Wanda zai gaji tukubar, wataƙila ba wanda ya san ubansa.