Bangaskiya da ruɗanin zamani: sharhi a kan wasu kalmomin wa'azin Kirista a ƙasar Ƙonni

1. Gabatarwa

A majami'un Galmi da Birnin Ƙonni akan ji masu wa'azi suna cewa duniya ta rikice, yaro ya daina jin kunyar babba, amana ta yi ƙaranci, kuma maganin abin shi ne bangaskiya ga Yesu Almasihu. Yanke hukunci a kan gaskiyar wannan da'awa ba aikin masanin harshe ba ne. Abin da za mu duba shi ne kalmomin da aka gina ta da su, tun da yake mai sauraro da ma'anar da ya sani yake fahimtar abin da ya ji.

2. Asalin kalmomin

Mishan ta SIM ta buɗe asibitin Galmi a 1950, a yankin da akasarin jama'arsa Musulmi ne, ga kuma aznan Masalata masu riƙe da gargajiya. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932, sabuwar fassara ta biyo baya a 1979, dukansu daga Nijeriya. Masu fassara sun tarar da harshen da Musulunci ya riga ya shiga jikinsa: Allah, zunubi, tuba da Almasihu duk aro ne daga Larabci. Inda suka kauce shi ne wajen fifita bangaskiya, wato "ba da gaskiya", a kan imani.

3. Kalmomi uku

(a) Ceto. Ga Kirista, ceto kuɓuta ce daga zunubi ta mutuwar Almasihu. Musulmin Malbaza kuwa, in ya ji kalmar, ceton Annabi ranar alƙiyama yake tunawa.

(b) Alheri. Da ita aka fassara abin da Faransanci ke kira grâce, kyautar da ba a cancanta ba, ba a kuma iya biya. Amma a zaman Bahaushe alheri yana da ramuwa: wanda ya kawo maka gudummawa ranar suna, kai ma za ka kai masa. Saboda haka mai sauraro na iya ɗaukar alherin Allah a matsayin bashi, akasin abin da mai wa'azi ke nufi.

(c) Lamiri. Ita ma aro ce daga Larabci, kuma ba ta yawaita a bakin mutanen karkara ba. Kunya tana bukatar idon jama'a, lamiri kuwa yana aiki ko ba kowa.

4. Sharhi

A ganinmu, raunin wannan wa'azi shi ne yakan yi magana kamar Bahaushe ya rasa ma'aunin ɗa'a. Kirk-Greene (1974) ya lissafa halaye 10 na mutumin kirki, ciki har da gaskiya, amana, haƙuri da mutunci, kuma har yau ba wanda ke musun su. Abin da ya sauya shi ne masu sa ido. Saurayin Illela da ya tafi bida Abijan ko Libiya, da mai safarar man fetur a kan iyakar Ƙonni, sun yi nisa da dattawan da suke jin kunya. A nan ne batun lamiri yake da ƙarfi, domin yana tafiya da mutum duk inda ya nufa. Sai dai malamin Musulunci ma yana da amsarsa, wato tsoron Allah. Abin da ya keɓanta ga Kirista shi ne alheri marar ramuwa, kuma ita ce kalmar da aka fi barinta ba bayani.

5. Kammalawa

Ƙona majami'u da aka yi a Damagaram da Yamai a watan Janairu 2015 ya nuna cewa tarayya a kalmomi ba ta isa ta kawo fahimtar juna ba. Muna ba ɗalibanmu shawara su ɗauki wa'azin ɓangarorin biyu a na'ura, a Galmi da Ƙonni, su tambayi masu sauraro abin da suka fahimta da waɗannan kalmomi uku, sannan su kwatanta amsoshin.