Tsohuwar Zuma: Hip-hop na Dā da Samarin Salaga, Yendi da Bawku

Yawancin waƙoƙin zamani ba su daɗewa. A yi rawa da su damina ɗaya, kafin kaka an manta. Amma akwai waɗansu waƙoƙin hip-hop da aka yi shekara talatin ko arba'in da suka wuce, har yanzu samari suna neman su a waya, suna haddace su, ko da yake ba a haife su ba sa'ad da aka yi su. Iyaye da yawa suna ɗaukar wannan kiɗa surutu ne kawai na marasa tarbiyya. Kafin a yanke masa hukunci, ya kamata a san abin da yake faɗi, da dalilin da ya sa ya ƙi tsufa.

Hip-hop ya taso ne a unguwar Bronx ta birnin Niyok a Amurka, wajen shekarar 1973, a tsakanin talakawa baƙar fata. Da fari kiɗan biki ne. A 1982 ƙungiyar Grandmaster Flash and the Furious Five ta fitar da "The Message", wato saƙo, sai aka ga cewa wannan kiɗa yana iya ɗaukar magana mai nauyi. Waƙar ta yi minti bakwai tana lissafa abin da talaka yake gani kullum: gidan haya mai ɓeraye, mai bin bashi a ƙofa, makarantar da ba ta koyar da kome. Ta ƙare da labarin yaron da aka haifa cikin wannan hali, ya yi sha'awar 'yan daba, ya bar makaranta, ya mutu a kurkuku. Ba a yabi kowa a ciki ba, ba a roƙi kowa kwabo ba.

Nan ne ƙarfinta yake. Mutanen arewacin Gana sun saba da maroƙa da makaɗan fada, masu kiyaye sunayen sarakuna da tarihin gidaje. Aikinsu yana da daraja, amma maroƙi ba ya iya faɗa wa mai ba shi riga laifinsa. Waƙar yabo tana mutuwa tare da wanda aka yaba. Waƙar da ta bayyana yunwa da bashi kuwa tana nan muddin akwai yunwa da bashi.

Wannan irin magana ba baƙuwa ba ce a ƙasar Gonja. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna a Salaga kafin ya koma Kete Karachi, inda ya rasu a 1934. Cikin abin da ya bari akwai "Waƙar Talauci da Wadata", wadda ta nuna yadda ake raina matalauci a taro ko da gaskiya ya faɗa, ake kuma girmama mai dukiya ko da ƙarya ya yi. Ɗan Maraya Jos ma, da ɗan kuntiginsa, ya yi wa karen mota waƙa. Tun da daɗewa kuma Annabi Amos ya tsauta wa masu ha'inci a ma'auni da masu tattake matalauta. Saboda haka saurayin Salaga da ya ji mawaƙin Bronx, murya ce da kunnensa ya riga ya sani. Akwai kuma abin tunani: Salaga babbar kasuwar goro ce da ta bayi a ƙarni na 19, waɗannan mawaƙa kuwa jikokin bayi ne da aka kwashe daga Afirka.

Amma waƙoƙin nan na dā iri biyu ne, wajibi ne kuma a rarrabe su. Iri na fari yana nuna maƙiyi da yatsa. "Fight the Power" ta ƙungiyar Public Enemy, wadda ta fito a 1989, kira ce ga baƙar fata su tsaya wa masu iko da suka danne su. A ƙasarta tana da hujja. Iri na biyu yana juyowa ya tsauta wa 'yan gida. A wannan shekara ta 1989 KRS-One ya tara mawaƙa da dama suka yi "Self Destruction", wato hallaka kai, bayan an harbe abokin aikinsa Scott La Rock a 1987, aka kuma kashe wani saurayi a wurin wasan kiɗa a 1988. Saƙonta shi ne, masu kashe samarin unguwa samarin unguwa ne, kuma ba wanda zai tsai da abin sai su.

A Yendi da Bawku wannan bambanci batun rai ne. Yaƙin 1994, wanda ya fara da gardamar kuɗin zabuwa a kasuwar Nakpayili kusa da Bimbilla, ya bazu har Yendi da Salaga, ya ci rayuka fiye da dubu ɗaya, sai a 1996 aka sa hannu a kan sulhu a Kumasi. A watan Maris na 2002 aka kashe Ya Na Yakubu Andani na biyu a Yendi cikin rigimar gidan Abudu da gidan Andani, ba a naɗa sabon Ya Na ba sai Janairun 2019. A Bawku gardamar sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ta sake barkewa a 2021, ta jawo kisa da dokar hana fita da dare. A dukan waɗannan, wanda ake kira maƙiyi maƙwabci ne, da shi ake cin kasuwa, wani lokaci ma suruki ne. Waƙar da ta ce a tashi a yi faɗa, in ta sauka a irin wannan gari, kowane ɓangare zai ji kamar shi ake zuga. Wadda ta ce kowa ya dubi hannunsa ita ce mai amfani a nan.

Tupac Shakur misali ne da ya isa. A "Dear Mama" ta 1995 ya girmama mahaifiyarsa ba tare da ɓoye cewa ta faɗa shan ƙwaya ba, kuma da wuya ɗan da uwa ta yi wa wahala ya ji ta bai yi shiru ba. Amma bakin nan ne kuma ya yi waƙoƙin zagi da barazana. An ɗaure shi a 1995 saboda cin zarafin wata mace, aka harbe shi a 1996 yana da shekara 25. A yaƙin Saliyo an ga 'yan tawaye sanye da riguna masu hotonsa. Wanda ya ce dukan abin da Tupac ya rera hikima ne bai faɗi gaskiya ba, haka ma wanda ya ce duka shara ce.

A Gana kanta, Reggie Rockstone ya nuna da faifansa "Makaa Maka" na 1997 cewa ana iya yin wannan kiɗa da harshen gida. Obrafour ya cika "Pae Mu Ka" na 1999 da karin maganar Twi. Ƙungiyar VIP daga zangon Nima a Akara ta sa Hausa a bakin samarin ƙasar duka. Daga baya Tamale ta fitar da nata, irin su Maccasio da Fancy Gadam, masu waƙa da Dagbanci. Harshe ya samu, masu sauraro sun samu. Sai dai waƙoƙin da suka fi kasuwa na soyayya ne da rawa da kirarin kai, don faɗin gaskiya a garin da kowa ya san gidan kowa yana da tsada.

Ga iyaye da malamai, hana saurayi jin waƙa ba ya cire ta daga kansa. Ya fi kyau a zauna da shi, a sa ya fassara abin da yake ji, a tambaye shi wa waƙar take zargi, me kuma take so ya yi da hannunsa gobe. Ga mawaƙan Salaga, Yendi da Bawku kuwa, darasin tsofaffin nan a fili yake. Wanda ya yi waƙar laifin wata ƙabila zai sami tafi a unguwarsu yau. Wanda ya iya faɗa wa gidansu nasa laifin, shi ne za a nemi waƙarsa bayan shekara arba'in.