Gemun Auduga da Fuskar Kwamfuta: Sai Ka Ƙera Jaruminka Wasa Yake Zama Naka?

A hutun ƙaramar salla na sauka gidan ƙanwata a Haɗeja, na tarar babban ɗanta ya samu aron kwamfuta daga wajen wani abokinsa. Wasan da ke ciki Skyrim ne, wanda kamfanin Bethesda na Amurka ya fitar a 2011. Yana buɗewa da fursuna a bayan keken doki, za a kai shi a fille masa kai, sai wani soja ya tambaye shi ko shi wane ne. A nan ake miƙa wa mai wasa wuƙa da nama: ya zaɓi ƙabila ɗaya cikin goma, namiji ko mace, launin fata, tsawon hanci, faɗin haɓa, har tabon kunci. Tun bayan la'asar yaron nan yake fama da hanci da gira. Na dawo daga sallar magariba na same shi yana gyara gemu.

"Kawu, dubi nan. Bai yi kama da ni ba?"

"Ya yi," na ce, "sai dai ya fi ka kaurin wuya."

Bayan isha'i ya shiga wasan sosai. Bai yi nisa ba ya tsinci kwalkwalin ƙarfe, ya kifa wa mutumin nasa, fuskar da ta cinye yamma guda ta shige ciki. Daga baya ma sai na lura yawancin lokaci ta idon jarumin yake kallon duniyar, hannu da takobi kawai ake gani. Na tuna 'yan lifidi ranar hawan salla, waɗanda kwalkwali da rawani suke rufe wa fuska, amma 'yan unguwarsu su nuna maka wane ne wane tun daga nesa, daga yadda yake zama a kan sirdi.

Irin wannan wasa masu harkar suna ce masa RPG. Ni dai zan kira shi wasan shiga-riga, domin abin da ake yi ke nan: ka shiga rigar wani, ka rayu rayuwarsa, ka ƙaru da ƙarfi da sani yayin da labari yake tafiya. An daɗe ana jayayya a kansa. Wasu sun ce in ba kai ka ƙera jaruminka da hannunka ba, to fim kake kallo ana ba ka maɓalli kana dannawa. Wasu suka ce jarumin da kowa zai iya ƙerawa yadda ya ga dama fanko ne, marubuci ba zai iya ɗora masa labari mai nauyi ba. Ina ganin mu nan muna da abin da za mu auna maganar da shi, kuma ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Tashe nake nufi.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san in azumi ya kai goma yara sukan fito da dare suna bin gidaje da bakin kasuwa. Abin lura shi ne babu yaron da yake ƙirƙiro mutumin da zai zama. Ya tarar da su ne a ajiye, kamar kayan gado: Tsoho da Gemu, Jatau Mai Magani, Macukule, gwauro da igiya a ƙugu, a wajen 'yan mata kuma Mairama da Daudu. An riga an yanke sunan kowa da halinsa da abin da amshi zai ce masa. Jatau dole ya zo da ƙunshin saiwoyi da layu yana lissafa magunguna. Daudu dole yarinya ce ta sa riga da hula ta zauna zaman maigida, Mairama tana yi masa hidima, sauran suna koya mata zaman aure cikin waƙa. Da masu ra'ayin farko suna da gaskiya, da tashe ya zama aikin haddar allo, kowace ƙungiya ta maimaita na 'yar'uwarta.

Amma ka zauna a ƙofar gida dare ɗaya ka ga Tsoho da Gemu uku sun wuce. Na farko ya manna auduga a haɓa, ya cusa tsumma a baya ya yi doro, ya zo ya yi rawarsa ya karɓi abin da aka ba shi ya wuce. Na biyu da kayan nan dai, amma ya san ya tsaya ya yi tari, ya lalubi sandarsa da ta faɗi, ya zauna daɓas a tabarmar maigida ba a ce ya zauna ba. Na uku kuwa ya lura akwai wani dattijo a cikin majalisar, sai ya ɗauki irin tafiyarsa, jama'a su kwashe da dariya har shi dattijon. Riga ɗaya, mutum uku. Abin da ya bambanta su shi ne shawarar da kowa ya yanke a cikin rigar, a gaban mutanen da za su mayar masa da martani nan take, ko da tsaba ko da kora.

Wannan shi ne zuciyar wasan shiga-riga a ganina, kuma wasannin kwamfuta da suka fi kama mutane sun tabbatar da haka. Ɗauki The Witcher 3, wanda kamfanin CD Projekt na ƙasar Folan ya fitar a 2015, aka sayar da fiye da kofi miliyan 50. Jaruminsa Geralt an ɗauko shi ne daga littattafan Andrzej Sapkowski da farin gashinsa da tabonsa da tarihinsa. Iyakar abin da za ka taɓa a jikinsa aski da gemu da sutura. Sai dai makomar Ciri, yarinyar da ya raina kamar 'yarsa, ta rataya ne a kan wasu ƙananan abubuwa da ba za ka ɗauke su bakin komai ba sa'ad da kake yin su. Ranar da take cikin ɓacin rai, ka yi mata wasan jifa da ƙanƙara ko ka zaunar da ita ku sha giya kana ba ta baki? Da ta nemi ka raka ta kabarin wani da ya taimake ta, ka je ko ka ce babu lokaci? Sai bayan sa'o'i masu yawa sakamakon zai fito, kuma ba a janye shi. Wanda ya ci ladan kuturu a wasan nan sai ya yi masa aski. Mutum biyu za su gama shi, kowa ya rantse Geralt ɗinsa daban ne, alhali fuska ɗaya suka kalla.

Masu cewa ƙera jarumi shi ne asali sukan kafa hujja da Dungeons & Dragons, wasan takarda da fensir da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, wanda daga gare shi ne wannan nau'i ya tsiro. Gaskiya ne a can kowa da jaruminsa. To amma yaya ake samunsa? A farkon wasan, ƙwaya uku irin ta ludo ake jefawa, abin da ya fito shi ne ƙarfinka, a sake jefawa a samu hankalinka, haka har siffofi shida. Kana iya son zama mayaƙi ƙwaya ta ba ka jikin sauro. Sana'o'in ma uku ne kacal a bugun farko: mayaƙi, mai sihiri, da malamin addini. Wato tun a tushe rabo ake ba ka, gwanintarka ita ce yadda za ka yi da shi. Da Japanawa suka karɓi harkar, Dragon Quest na 1986 suna kaɗai ya bar wa mai wasa ya raɗa, Final Fantasy VII na 1997 kuwa ya ba kowa jarumi Cloud da takobinsa mai kama da ƙyauren ɗaki, kuma ba a ji wanda ya ce waɗannan sun fita daga sahu ba.

Saboda haka kalmar ƙerawa ta haɗe abu biyu da ya kamata a raba. Akwai ado, wato fuska da gashi da riga. Akwai kuma gini, wato ka zaɓi ko jaruminka zai ƙware a baka ko a takobi, ko zai shawo kan mutane da baki ko da ƙarfi, wa zai bi, wa zai ci amana. In aka cire gini, wasa ya tashi daga shiga-riga. In aka cire ado, ba abin da ya rushe.

Duk da haka ba zan yi wa ɗan ƙanwata rashin adalci ba. Tambayar da ya yi mini, ko mutumin ya yi kama da shi, tana da nauyi. Yaro ne da ya taso yana riƙe hannun gem yana tuƙa Turawa da Japanawa, ranar da aka ce masa ga dama ya ga kansa a allo, dole ya daɗe a wurin. Kuma ko da aka ba shi damar, rabi aka ba shi. Ya samu baƙar fata, amma ina zanna bukar, ina kaftani, ina zanen fuska irin na kakanninsa? Baƙaƙen fata a Amurka sun daɗe suna ƙorafin cewa a yawancin wasanni gashin Bature kala-kala ne, nasu kuwa ɗan kaɗan ake jefa musu, wasu ma ba su yi kama da gashin mutum ba. Ado yana da amfani a nan, domin yana gaya wa mai wasa an san da zamansa a duniya. Sai dai akwai wata hanyar biyan wannan buƙata da ta fi ƙara hula a jerin kaya. A 2016 kamfanin Kiro'o Games na Yawunde a Kamaru, ƙarƙashin Olivier Madiba, ya fitar da Aurion, labarin Enzo da matarsa Erine waɗanda surukin Enzo ya ƙwace wa sarauta ranar bikinsu. Ba ka ƙera kowa a ciki. Duniyar ce gaba ɗaya aka gina da kayan Afirka, jarumin ya zo a shirye kamar Jatau.

Akwai kuma maganar aljihu, wadda masu jayayyar a Turai ba sa kawowa domin ba ta dame su ba. Shiga kowane gidan gem a garuruwanmu ka gani: benci, talabijin biyu ko uku, janareta tana kuka a waje, yara sun yi layi. Kuɗin wasa ɗaya ko na ɗan lokaci ake biya. Wa zai ƙona kuɗinsa yana daidaita hanci, alhali na bayansa yana taɓa masa kafaɗa? Ko ya yi, gobe wani zai zo ya goge. Shi ya sa ƙwallon PES da FIFA da dambacewar Mortal Kombat suka mamaye wuraren. Ko GTA San Andreas na 2004, da ya bar ka ka kai jaruminsa CJ wajen aski, ka ciyar da shi har ya yi teɓa ko ka kai shi ɗaga ƙarfe, abin da yara suka fi riƙewa daga gare shi lambobin sirrin samun makami da mota ne, a rubuce a bayan littafin makaranta. Ƙera jarumi na mai na'urar kansa ne da wutar da ba ta yankewa. Inda ado ya iso hannun talaka kuwa, a wayar salula, ya zo ne a matsayin haja. A Free Fire da PUBG riga da takalmi da fentin bindiga da kuɗi ake saye, kuma rigar ba ta ƙara wa harbi saiti. Yaro ya zuba kuɗin katinsa, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Da za a ce wani matashi a Jigawa zai zauna ya gina wasan shiga-riga, kayan aiki suna bakin ƙofarsa. Ga Sarkin Haɗeja Buhari. Ya hau a 1848, Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe shi aka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu, ya dawo ya karɓe garin da ƙarfi, ya karya rundunar da aka turo masa a Gamon Gafur, ya rasu a yaƙin Gogaram a ƙasar Bade a 1863. Ba mai hankalin da zai ce a bar mai wasa ya sauya wa Buhari hanci. Amma a sa shi a rigar wani barde a fadar, ranar da saƙon Sakkwato ya iso: ya bi ubangidansa ko ya bi Sarkin Musulmi? Iyalinsa suna cikin ganuwa, malaminsa yana ɗaya ɓangaren. Wannan tambaya ita kaɗai ta ishi wasa.

Ko a bar fada a gangara fadama, wadda ni ta fi burge ni. Tsakanin Haɗeja da Nguru, ta Kiri Kasamma da Guri, sana'a uku ne suke rabon ƙasa ɗaya: masunci da gorarsa da komarsa, manomin shinkafa, da makiyayi da ke jiran ruwa ya janye ya shigo da shanu. Sau da yawa ma mutum ɗaya ne masunci a wannan wata, manomi a wancan. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 zuwan ruwa ya sauya, ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa, wani gari ya bushe wani ya nutse, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020 da ta 2022. Mai wasa ya tsinci kansa a ƙauye ɗaya cikin waɗannan. Ya datse ruwa ya ceci gonarsa ya tura wa maƙwabta? Ya bar burtali a buɗe ko ya nome shi? Ya shiga gayyar sare kacala ko ya tafi kamun kifinsa? Duk abin da ya zaɓa, damina mai zuwa za ta zo masa da amsa, kuma mutanen garin ba za su manta ba.

Hukuncina dai shi ne ƙera kamannin jarumi ƙari ne mai daɗi, ba sharaɗi ba ne. Ku kuma matasanmu masu koyon rubuta manhaja a Haɗeja da Dutse da Kano, in kun tashi gina namu, ku fara da rigingimun fadama da na fada, ku sa kowace shawara ta biyo mai ita. In kuɗi da lokaci sun ragu, sai a ƙara wa jarumin hula.