Kalmomin da Ke Zubar da Girman Mai Faɗarsu: Nazari a Kan Sunayen Al'ummu a Nijeriya

1.0 Gabatarwa

A kowane harshe akwai kalmomin da ƙamus bai sa su cikin sahun zagi ba, amma da zarar an furta su sai ran mai sauraro ya ɓaci, mai magana kuma ya ragu a idonsa. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba wani rukuni na irin waɗannan kalmomi, wato sunayen da wata al'umma ke kiran wata da su a Nijeriya, ta kuma nuna cewa illarsu ba ta tsayawa ga wanda aka kira, takan komo kan mai kiran.

2.0 Aboki da Malam a Kudancin Nijeriya

Hausawa sun daɗe da zama a Kudu ta dalilin fataucin goro da shanu. Unguwar Sabo ta Ibadan, alal misali, an kafa ta tun 1916. Wannan cuɗanya ce ta shigar da kalmomin Hausa cikin bakin mutanen yankin, daga ciki har da "aboki". A bakin Bahaushe kalmar tana nufin wanda aka yarda da shi, kuma galibi tsara ne. A Legas da sauran biranen Kudu kuwa ta bi matakai uku. Da farko ta faɗaɗa ta zama sunan duk wanda ya fito daga Arewa, Bahaushe ne ko Babarbare, ko ma Bazabarme daga Nijar. Daga nan ta maƙale wa masu ƙananan sana'o'i, kamar maigadi da ɗan garuwa da mai wankin takalmi. A ƙarshe ta ƙasƙanta, har ɗan Kudu kan kira ɗan'uwansa da ita yana nufin mara wayo. "Malam", wadda ta samo asali daga Larabci da ma'anar mai koyarwa, ita ma ta bi wannan hanya, ta koma sunan mai tsire da ɗan canji.

Abin da ya fi zafi a nan shi ne keta ƙa'idar girma. Idan saurayi ya ɗaga murya ya ce wa dattijo mai furfura "Aboki, zo nan!", ya yi abin da al'adar Hausa ta hana, domin "Baba" ko "Alhaji" ne suka dace da shi. Ya kuma yi abin da ba zai yi a gidansu ba, tun da Yarbanci na da wakilin suna na girmamawa da yaro ke fuskantar babba da shi. Dattijon zai yi shiru ya karɓi kuɗinsa, amma ya riga ya yanke wa yaron hukuncin rashin tarbiyya.

3.0 A Bakin Hausawa

Hausawa kan ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wanda ke kuka da "aboki" shi ne kuma ke ce wa Ibo "Inyamiri", sunan da aka fi danganta asalinsa da jumlar Ibo mai nufin "ba ni ruwa". Haka nan yakan ce wa Tibi "Munci", sunan da Turawan mulki suka ara suka daɗe suna rubutawa, ko da yake a 1933 R. C. Abraham ya sa wa littafinsa a kan mutanen sunan da su ke kiran kansu da shi. A kudancin Jihar Kaduna, Bajju da Atyap da Ham sun nuna sun fi son sunayensu bisa ga Kaje da Kataf da Jaba, duk da cewa biyun ƙarshe sun zauna a sunayen ƙananan hukumomi.

Misalin da ya fi jan hankalin mai nazarin harshe shi ne "Gwari". Daga sunan da Hausawa ke kiran Gbagyi da shi aka tsiro da "gwaranci", wato maganar da ba ta fita sosai, irin ta yaro mai koyon magana. Ke nan an mai da sunan al'umma guda ma'aunin gurɓatacciyar Hausa, har mai faɗar kalmar bai san ya taɓa kowa ba.

4.0 Hujjojin Masu Kāre Waɗannan Kalmomi

Hujja ta farko ita ce "haka muka taras". To amma daɗewar kalma ba ta wanke ta, domin ma'ana tana tafiya da zamani, kuma mai suna ya fi kowa iko da sunansa. Ta biyu ita ce wasa ake yi. Gaskiya ne akwai wasan barkwanci tsakanin al'ummu, kamar na Fulani da Barebari, ko na Gobirawa da Yarbawa. Sai dai wannan wasa yana da sharaɗi: ɓangarorin biyu sun yarda da shi, kuma kowa na da damar ramawa. Maigadin da albashinsa ke hannun mai kiransa ba shi da wannan dama, saboda haka abin ya fita daga wasa ya koma raini.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa zafin waɗannan kalmomi yana tattare da wanda ya faɗa, da wanda aka faɗa wa, da matsayin kowannensu. Don haka akwai aiki a kan masu haɗa ƙamus, su riƙa sa alamar gargaɗi a gaban irin waɗannan kalmomi maimakon su jera su tamkar sauran sunaye. Ya kamata kuma marubuta littattafan makaranta da ma'aikatan rediyo su riƙa kiran kowace al'umma da sunan da ta zaɓar wa kanta, domin daga bakinsu yara ke ɗaukar abin da za su maimaita a kasuwa da tasha.